Hoton Mulufi a Gonar Kawu

Shekarar da na sayi kyamara, ina malamin firamare a Gaya, gaisuwa ma da ƙyar nake amsawa. Na ci alwashin sai na ɗauko hoton mulufi, jan tsuntsun nan na damina, kowa ya san an yi boko.

Na taka keke har Toranke, na iske Kawu Sale a gonar geronsa yana jan igiyar gwangwanaye, yana korar tsuntsaye.

Na ce, "Kawu, a dakata, aikin ilimi za a yi."

Ya dube ni, ya saki igiyar. Na kwanta rub da ciki, cinnaku na cizo ina daurewa. Mulufi kuwa ya sauka, sai dai da gayyar dangi ya zo. Kafin la'asar sun yi wa geron aski.

Da hotuna suka dawo daga Kano aka taru a ƙofar gida. Ashe fim ɗin baƙi da fari ne! Kawu ya juya hoton sama da ƙasa.

"Malam, wannan kashin ƙudan ne ya cinye mini gero?"

Har yau, ƙuda ya sauka a kwano, sai wani ya ce, "Kar a kore shi, a kirawo Malam."