Rasuwar Jatau, Wanda Aka Tuɓe wa Riga a Rana

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani haushi da ruwan randa bai kashe ba, tsohon da ke gidan nan na ƙarshen layi, wanda yara ke kira Baba Mai Babur, yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar babur ɗinsa, abokin tafiyarsa kuma ƙafafunsa, wanda aka fi sani da Jatau. Ya rasu a tsakar gida, tsirara, rana na dukansa, alhali rigarsa tana ninke a cikin akwati tana shan kafur.

Marigayin ya shigo gidan nan tun 'ya'yan gidan suna faɗa a kan wanda zai zauna a tanki. Ja ne wur a lokacin, har kaji suna leƙa fuskarsu a jikinsa. Ya kai mai naƙuda asibiti, ya kwaso buhu, ya ɗauko katifa, ya taɓa ɗauko ƙofa sukutum bai ce uffan ba. Amma babban halinsa na kirki shi ne bai taɓa tambayar ina za a je ba. Maigidansa mutum ne mai son ganin abin mamaki. In ya ji labarin rijiyar da ke mayar wa mutum tarinsa, ko bishiyar da tsawa ta raba biyu, rabi ya mutu rabi yana 'ya'ya, ko ragon da ya tashi cikin agwagi har yake binsu ruwa, to ba ya iya zama sai ya gano wa idonsa. Mutanen gida kan ce me za a samo a can. Jatau kuwa sai dai ya yi kuf, kuf, ya gyara murya, ya kama tu-tu-tu-tu, su bar unguwa da surutunta.

Yana da 'yan halayensa, ba za a ɓoye ba. Ba ya tashi a bugun farko sai an shafa masa tanki. In ya hango tudu yakan yi gurnani kamar wanda aka tasa daga barci. Odarsa ta dishe tun da daɗewa, in an danna sai ta ce kwaak, awaki ma ba sa matsawa.

Ga yadda ciwon ajali ya same shi, kuma za a faɗa dalla-dalla, domin akwai masu so a ce tsufa ne.

Ciwon yanar ido ya rufe wa tsohon gani, aka ce sai an yi aiki, ido ɗaya bayan ɗaya, a garin da babbar 'yarsa take aure. Ana gab da tafiya babban ɗansa ya aiko da rigar babur. Riga ce ta gaske, bayanta na walƙiya kamar azurfa don ta kore rana, cikinta da laushi kamar bargon jariri, ga igiyar tsukewa a ƙasa. Tsohon da hannunsa, yana lalube, ya jingine Jatau a inuwar katanga, ya sa masa ita, ya tsuke igiya, ya yi masa sallama.

Ƙurar motar da ta ɗauke shi ba ta gama kwantawa ba, uwar yaran ta fito ta tsaya tana duban rigar. Duk wanda ya san gidan nan ya san baiwar Allahn nan. Farantan aurenta har yau ba su san ɗumin abinci ba. Kujerun falo suna cikin ledarsu, baƙo ya zauna ya tashi da gumi. Ta shafa rigar, ta juya cikinta, tausayi ya kama ta. Ta tuɓe ta, ta kakkaɓe, ta ninke, ta kai akwati. Ta ɗora wa Jatau kwali a kan sirdi, iska ta tafi da kwalin kafin la'asar.

Sai ɗan auta ya cika aikin. Ya sayi mota, motar tana son inuwa, ya tura Jatau tsakiyar fili inda ko inuwar igiyar shanya ba ta kaiwa. Nan ya tsaya bazara guda cur.

Rana ba ta gaggawa. Ta fara da launi, ta lashe jan har ya koma kalar tsohon tsumma. Ta tsaga fatar sirdi, soso ya leƙo, ya bushe, ya zama gari. Tayoyi suka yi faso kamar diddigen manomi. Tiyon mai ya ƙandare ya karye, man da ya rage ya daskare ya zama ƙaro a cikin kafireta, batir ya kumbura kamar mai ciwon haƙori. Robar murfin tanki ta ruɓe, da ruwan farko ya sauka sai ya sami ƙofa a buɗe, ya shiga ya kwana, tsatsa ta yi gida. Duk wannan a gaban mutanen da ke wucewa ta gefensa safe da yamma, wasu har suna rataya masa tsumman goge-goge a madubi.

Tsohon ya dawo da idanu sababbi, yana ta murna zai ga duniya tangaran. Abin da ya fara gani tangaran ke nan. Likita ya yi aikinsa da kyau, babu tsaga ɗaya da ta ɓoye masa.

Ya tambayi ina riga. Uwar yaran ta ce, “Tana nan lafiya lau, Malam, ko ƙura ba ta taɓa ta ba. Wannan kyakkyawan abu ne za a bar wa rana ta cinye? Shi kuwa ai ƙarfe ne.”

An kira bakanike, wanda ya san marigayin tun yana ja. Ya buga, ya sake bugawa, ya buɗe, ya sansana tanki. Jatau ya ce hik, sau ɗaya, daga nan bai ƙara ba. Bakanike ya goge hannu ya ce, “Baba, injin ya cije, kayan irinsa kuma an daina kawowa. Wa ya yi masa wannan aika-aika?” Tsohon ya dubi ƙofar ɗaki, labule ya motsa.

Marigayin ya rasu ya bar maigidansa, da hular kwano, da ɗan makulli a zaren da ya yi baƙi, da famfon iska, da ƙadangaru masu yawa da suka rayu a inuwarsa, shi da bai sami inuwar kowa ba. Ya kuma bar riga ɗaya, sabuwa fil, cikin ƙoshin lafiya.

Ana roƙon masu zuwa gaisuwa su kiyaye harshensu. Kada wanda ya ce ai ƙarfe ne, an riga an faɗa. Kada wanda ya ce wani hanin ga Allah baiwa ne. Babban ɗan ya riga ya bugo waya ya ce wataƙila hutu ne ya zo, shekaru sun ja, hanya ta lalace, duk inda ake so a je ai ga motar auta. Tsohon kuwa, idonsa aka yi wa aiki, kunnensa garau yake, ya ji sauƙin da ke cikin muryar. Ya gane ba za a sayi wani ba. Motar auta kuwa tana da tambaya a bakinta: ina za a je, me za a yi, ba za a bari sai gobe ba? Wa zai ƙona mai ya kai tsoho ganin rago a cikin ruwa?

Ga masu babura da suka rage, wasiyya ɗaya ce. Ku rufe su, rana ba ta da aboki. Amma ku nemi riga mummuna, tsohon tamfol mai faci, abin da ba wanda zai ji tausayinsa.

Za a ɗauki marigayin ranar Asabar a kan amalanke zuwa filin 'yan gwangwan, inda za a ɗora shi a sikeli kamar bai taɓa kai kowa ko'ina ba. Uwar yaran ta yarda a lulluɓe shi da rigar a hanya, da sharaɗin a dawo mata da ita kafin rana ta yi zafi. An gode, ba a karɓa ba. Za a karɓi gaisuwa a daidai inda ya rasu, da tsakar rana. Babu rumfa, babu tabarma, kowa ya tsaya ya ɗanɗana.

Filin 'yan gwangwan yana da nisa, gwiwar tsohon kuma ba ta kai can. Don haka ana neman mai babur ɗaya, wanda ba ɗan gidan nan ba, ya zo ya goya shi a baya. Bai taɓa zama a baya ba, sai a yi haƙuri da shi in ya riƙe riga da ƙarfi. Kada a yi masa hira a hanya.