Ramin Ƙofar Makaranta Ya Samu Murfi

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ofishin Kare Lafiyar Yara na Ƙaramar Hukuma, uban marayu, garkuwar masu uwa da uba, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da sannu da ƙoƙari, ni ce tsohuwar nan mai ɗinki da shagonta ke kallon ƙofar makarantar firamare. Ba ka san ni ba, amma ka san ƙofata, domin tana ofishinka. Zan zo kan wannan. Na rubuto ne a kan ramin magudanar ruwa da ke daidai bakin ƙofar makarantar, wanda murfinsa ya yi ƙafa tun damina ta wuce. Faɗinsa kamar bakin bahon wanki, zurfinsa kuwa sai mai askin da ke gefena, wanda ya ɗaura ƙugiya a jikin gora yana kamun takalman yara duk safiya. Ga 'yan abubuwan da nake son gode wa ofishinka a kansu.

Na ɗaya, allon gargaɗi. Ma'aikatanka sun zo, sun auna ramin, sun ɗauki hoto da shi kamar ɗan'uwan da aka daɗe ba a gani ba, sannan suka kafa allo mai cewa yara su yi hattara. Rubutun ya yi kyau, ranka ya daɗe, siriri kamar zaren allura. Sai dai rabin yaran ba su gama da A da B ba, waɗanda suka iya karatu kuma sai sun matso kafin su gani. Wurin da ya fi daɗin tsayawa a karanta allon kuwa shi ne cikin ramin. Malamar 'yan aji ɗaya ta karanta shi har ƙarshe, ta fito da takalmi ɗaya.

Na biyu, binciken haɗari. Kwamitinka ya tsallake ramin ɗaya bayan ɗaya, cikin natsuwa, ya shiga makaranta neman abin da zai cutar da yaro. Aka cire lilo, aka kwashe ƙwallo, aka sare reshen da yara ke rataya a kai. Madalla. To, yaron da aka hana lilo, ina ake so ya kai ƙarfinsa? Yanzu wasan tsallake rami ake yi lokacin tashi, har da alƙali da 'yan kallo. Zakaran bana wata yarinya ce mai giɓi, da baya take tsallakewa.

Na uku, zanen tsallaka titi. Kun aiko mai fenti ya ja layuka fari da baƙi domin motoci su tsaya wa yara. Layin ƙarshe ya sauka daidai kan ramin, har mutum ba ya gane wanne ne baƙin fenti, wanne ne baƙin rami. Na yi wa mai fentin magana, ya ce shi taswira ya bi, kuma a taswirar babu rami. Shin ba za a aiko mana da taswirar ba mu shimfiɗa a wurin, tunda ita ba ta da rami?

Na huɗu, taron wayar da kai. An raba wa yara hular kwano, manya-manya, kowace ta sauko har hanci. Ranka ya daɗe, ni ba ni da ilimi mai zurfi, amma a iya sanina da ƙafa ake shiga rami. Yaron da a da yake ganin ramin ya kauce, yanzu laluben hanya yake yi. Duk da haka ba zan ci amanar gaskiya ba, ranar ce kaɗai ramin ya rufu, saboda a kansa aka ɗora katakon da ka tsaya ka yi jawabi. Mun yi ta tafi don ka daɗa tsawaitawa. Kana saukowa aka ɗauke katakon aka saka a mota.

Na biyar, ƙofata. Da na ga haka sai na sa mai askin ya cire mini ƙofar banɗakin gidana, muka kwantar da ita a kan ramin. Yara suka riƙa wucewa lafiya lau, gorar mai aski ta huta. Sai ga jami'inka da biro a bayan kunne, ya ce murfin nan ba shi da izini, kuma mariƙinsa na iya sa yaro tuntuɓe. Ya ɗauke ta, ya bar ramin, wanda shi ba ya sa tuntuɓe, haɗiya kawai yake yi. Tun ranar maigidana da waƙa yake wanka don kada a shigo masa, kuma Allah bai ba shi murya ba. An ce mini ƙofar ta zama teburin shan shayi a ofishinka. Ina roƙon a riƙa goge ta.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro, kuma a nan ba wasa nake yi ba. Jikana zai fara makarantar nan ranar Litinin. Kalli-Sama muke ce masa, domin tun da ya iya tafiya bai taɓa duban ƙasa ba. In ba tsuntsu yake bi da ido ba, to jirgi ne, in babu jirgi gajimare ma ya ishe shi. Uwarsa, 'yata, tana aiki a nesa, ta damƙa mini shi hannu da hannu ta ce in kula mata da shi. Ɗan siriri ne, ramin nan ko tauna shi ba zai yi ba. Duk sanda na ɗaga kai daga keken ɗinki na ga baƙin bakin ramin nan, sai in tuna da yaron. Tsoro nake ji, ranka ya daɗe, tsoro na gaske.

Saboda haka na ɗauko igiyar awon ɗinkina na auna ramin, sannan na auna ƙuguna. Allah mai hikima, ashe ba a banza ya hore mini ba. Na je na gwada, na zauna daram kamar don ni aka haƙa shi, ko iska ba ta wucewa. Fitowa ce dai ta ɗan ba da wahala, sai da mai aski da masinjan makaranta suka haɗa ƙarfi, yara suna ba su baki. Daga ranar Litinin can za a same ni tun buɗe makaranta har tashi, da allura da zare a hannu. Mai son a kama masa riga sai ya durƙuso.

Buƙatuna kaɗan ne. Kada a turo jami'in nan ya ce ba ni da izini, ko da yake in ya iya ɗaga ni shi kaɗai na yafe masa. Kada mai fenti ya dawo, in kuma ya dawo a gaya masa ni ba na cikin taswira. A taimaka mini da lema saboda ruwan sama. Hular kwano kuwa na gode, a bar ta. Sannan don girman Allah a maido mana da ƙofa, maƙwabta sun fara tambaya ko ciwo maigidan yake yi.

In wata rana ka zo wucewa ka ga wani ɗan yaro ya taho kansa a sama, ya yi karo da wata tsohuwa a tsakiyar hanya, ta cafe shi ta rungume, kada ka sa a rubuta rahoto. Aikin ofishinka ne ake yi.

Allah ya ƙara girma, ya tsare ƙafarka daga duk inda ka kafa allo.

Taka mai biyayya, daga ƙugu zuwa sama,

Kakar Kalli-Sama,
mai ɗinki, murfin rami na riƙon ƙwarya.