Alhaji Kunnen Zinariya Ya Tafi Hutu

Allah yana raba baiwa yadda ya so. Wani ya ba shi ido, wani baki, wani ƙafar zuwa biki. Shi Alhaji Yusha'u Nagoda na Tudun Wadar Zariya kunne aka ba shi. Shi da kansa ya sanar da haka, kuma har yau bai janye maganar ba.

Shekara talatin da biyar ya yi yana aikin gwamnati a sashen ajiye fayil, ya fita da muƙamin mataimakin darakta. Waɗanda suka yi aiki da shi sun shaida cewa ba a taɓa kiransa sau ɗaya ya amsa ba, sai an kai uku. Alhaji ya yi bayani: kunne mai daraja ba ya tashi don kowane tarkacen sauti.

Da ya yi ritaya sai ya ba lasifika ransa. Ya kwashe kujerun falonsa ya bar guda ɗaya a tsakiya, ya auna mazauninta da tef, ya yi wa ƙafafuwanta alama da fenti don kada mai shara ta gusar da ita. A gabanta lasifika biyu, kowace ta kai tsayin mutum. Bango kuwa ya manne shi kaf da kwalin ƙwai, wai don kada sauti ya buga ya dawo. Wata guda maƙwabta suna aikowa a sayar musu da ƙwai.

Amma kunne irin wannan ya fi ƙarfin falo ɗaya. Akwai wani zaure a Wasaf mai suna Majalisar Ma'abota Sauti, mutum ɗari da arba'in da uku, daga Zariya, Kaduna, Kano, Abuja, har da wani da ke Jidda. Mai kula da zauren wani injiniya ne a Kaduna, sunansa Adnan. Ba abin da ake yi a ciki sai turo hoton amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, da musu a kan wayoyin haɗa lasifika. A nan aka san Alhaji da Kunnen Zinariya. Bincike ya nuna babu wanda ya raɗa masa sunan. Shi ya rubuta abinsa a ƙarƙashin hotonsa.

Mai karatu zai so sanin abin da Alhaji ke saurara da wannan kaya. Ruwan sama ne. Wani Bature ne ya naɗi ƙarar ruwa yana sauka a kan rufin kwano, 'yan Majalisa suka mai da shi ma'aunin lasifika. Alhaji kan sa shi, ya rufe ido, ya karkata kai, ya yi daƙiƙa arba'in, ya kashe, ya tashi ya canja waya. Matarsa Hajiya Maijidda ta ce tun da ya yi ritaya ba ta taɓa jin wani abu ya kai ƙarshe a falon nan ba. Cikin watan Agusta, in hadari ya haɗo, Alhaji kan rufe tagogi ruf, kada ruwan Zariya ya dami na Bature.

Kayan ba su taɓa yin wata uku yadda suke ba. Ranar da sabuwar amfilifaya ta iso, Alhaji zai rubuta wa Majalisa cewa tafiya ta ƙare, ya sauke kaya, ya iso masauki. Bayan mako biyu wani a Abuja zai turo hoton tasa. A ranar Alhaji zai fara jin wani yashi-yashi a siririn sauti, bas kuma, wato sauti mai kauri, ta yi ruwa. Sai ya tari keke zuwa shagon Oga Onyekachukwu, mai sayar da kayan sauti, wanda ya yi shekara talatin a Zariya, ya kuma ƙware wajen gyaɗa kai. A wurinsa Alhaji ya samo fatawar cewa sabuwar waya ɗanya ce, sai ta yi awa ɗari biyu tana aiki kafin ta nuna. Da irin wutar da ake samu a unguwar, awa ɗari biyu kan ci wata biyu da rabi. Kafin waya ta nuna, an canja ta.

Wani lokaci abin kan ishi Alhaji, sai ya tafi hutu. Ba ya fita shiru kamar kowa. Takarda yake rubutawa irin ta ofis:

"Zuwa ga ɗaukacin 'yan Majalisa. Bayan dogon nazari, na lura zauren nan ya koma wurin nuna kaya, an bar ainihin sauti. Ni na wuce wannan matsayi. Daga yau na tafi hutun sai-baba-ta-gani, domin in zauna in ji daɗin abin da nake da shi. Kada a roƙe ni. Kada a aiko kowa. Lambata tana nan yadda take."

Sau takwas ya yi haka cikin shekara uku. Hutun da ya fi tsawo ya kai kwana huɗu, kuma biyu daga ciki wayarsa ta hannu tana wurin mai gyara. A sauran lokutan yakan ari wayar Maijidda ya kira Adnan ya ji ko ana cigiyarsa. Ba a yi. Adnan kan mayar da shi zauren, shi kuma ya rubuta cewa ya dawo ne saboda matsin lambar jama'a.

To, a gidan nan akwai wata tsohuwa, Inna Hajo, mahaifiyar Alhaji, ta haura tamanin. Mijinta Malam Ɗantsoho farken goro ne. A shekarar 1981 ya aiko da kaset daga Agege, kamar yadda matafiya ke yi a lokacin: mutum ya zauna gaban rikoda ya gaida mutanen gida, ya ba direba ya kawo. An saurara sau ɗaya. Yusha'u yana makarantar kwana, bai ji ba. Kafin damina ta fita Malam ya rasu a can, kaset kuma ya ɓace cikin hidimar zaman makoki. Shekara uku da suka wuce rufin ɗakin Inna ya yi yoyo, aka fitar da tsohon akwatin ƙarfe, sai ga kaset a ƙarƙashin zannuwa.

Inna ta miƙa wa ɗanta ta ce, "Yusha'u, kai mai kayan ji, sa mini in ji muryar babanka."

Alhaji ya karɓa da hannu biyu ya kulle a durowa. Ya ce tsohon kaset sau ɗaya yake yarda a juya shi, rikodar kasuwa kuwa cinye shi za ta yi. Wannan gaskiya ce, ko kusa da ita. Ya ce muryar Malam ba za ta fito ta kayan da ba su kai ba. A bari ya kammala.

Shekarar farko ana jiran rikoda ta musamman daga ƙasar waje. Ta iso, sai aka ga ta fi ƙarfin amfilifaya. Aka canja amfilifaya, sai ta tona asirin lasifika. Aka canja lasifika, wayoyi suka zama ɗanyu. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci Inna kan tambaya, Alhaji kan ce saura kaɗan. Hotunan kaset ɗin dai sun shiga Majalisa sau goma sha ɗaya, ta gaba da ta baya.

Bayan babbar sallar bana Inna ta kwanta ciwo, ta yi kwana tara a asibiti. Lokacin Alhaji yana cikin hutunsa na tara. Ranar da aka sallamo ta, ta sa aka kira shi. An kira sau uku.

"Yusha'u," in ji ta, "ko ka sa mini kaset ɗin nan, ko in je in ji daga bakin mai shi."

Maijidda tana tsaye a bakin ƙofa da taɓarya a hannu. Ta ce daka take yi, amma idonta yana kan durowa.

Alhaji mutum ne mai hangen nesa. Nan take ya ga dama ta samu: ga kaset, ga hutu da ke neman dalilin ƙarewa. Ya sa Adnan ya mayar da shi, ya shelanta cewa ranar Asabar bayan la'asar za a yi Babban Saurare a gidansa, tarihi zai yi magana ta bakin kayan da suka dace da shi.

Inna ta ce, "Ni da kai mun isa. Ba sai ka tara mutane ba. A bar kaza cikin gashinta."

Babu shaidar cewa ya ji.

Mutum goma sha bakwai suka zo, har da Oga Onyekachukwu cikin sabuwar shadda. Suka jeru a jikin kwalin ƙwai. Adnan ya ɗaga waya yana naɗa don waɗanda ba su samu zuwa ba. Kujera ɗaya ce a falon, kuma Alhaji ya bayyana cewa ɓarna ce a ɗora kunnen da ba a horar ba a kanta. Aka shimfiɗa wa Inna darduma a gefe, Maijidda ta zauna kusa da ita.

Alhaji ya gyara babbar riga ya yi jawabi. "'Yan uwa, masu iya magana sun ce kunne ya girmi kaka. Yau za ku gani. Wannan kunne da kuke girmamawa ba daga sama ya faɗo ba. Gado ne. Yanzu za ku ji tushensa."

Ya danna. Kaset ya yi shuu, ya yi tari, sai murya ta fito, ta dattijo mai ɗan sauri, kamar yana tsoron batir zai ƙare.

"Salamu alaikum. Ni ne Ɗantsoho, daga Agege. Hajo, kina ji na? Ina gaishe ki, ina gaishe ki da yara. Zanen da kika ce na samo, mai ruwan goro, yana cikin kayana."

Inna ta sa hannu ta rufe bakinta.

"Ku ji zakaran nan!" in ji Alhaji, ido a rufe. "Yana hagu, taku huɗu a bayansa!" Kaset ɗin da ƙaramar rikoda aka naɗe shi, ba shi da hagu ba shi da dama. Oga Onyekachukwu ya gyaɗa kai.

Daƙiƙa arba'in na cika, hannun Alhaji ya nufi maɓalli da kansa. Ya ce ya ji ɗan yashi, bari ya canja waya.

"Taɓa ka gani," in ji Inna.

Bai taɓa ba. Wannan shi ne karo na farko da wani abu ya wuce daƙiƙa arba'in a falon.

Malam Ɗantsoho ya gaida liman, ya gaida maƙwabta gida-gida, ya ce ruwa ya yi yawa a kudu, ƙafarsa tana damunsa amma da sauƙi. Ya ce a kula da akuyar nan mai ciki. Sannan ya gyara murya.

"Sai maganar Yusha'u."

Alhaji ya miƙe zaune, ya ɗaga yatsa a yi tsit.

"An gaya mini ya sake kwance rediyona, wai ba ta fita da kyau. Karo na uku ke nan. Hajo, in ya dawo hutu ki ɓoye ta. Rediyon nan lafiyarta ƙalau. Yaron ne ba ya ji. A yi masa magana yana kallon bakin mutum, tunaninsa yana wani wuri. Kunnen ƙashi gare shi. Kunnen ƙashi! Allah dai ya shirya."

Dole a yi wa kayan Alhaji adalci. Kowane harafi ya fito tas. Mutum goma sha bakwai sun ji, kuma ba wanda ya sami yashi. Wasu suka shiga nazarin kwalin ƙwai. Wani ɗan Kano ya fita waje, aka jiyo shi yana tari mai kama da wani abu.

Kaset ya kai ƙarshe ya tsaya da kansa. Inna ta share ido da bakin mayafi.

"Shi ne," in ji ta. "Haka yake magana. Allah ya yi maka albarka, Yusha'u, kayanka suna da kyau. Mayar baya in sake ji."

"Daga farko, Inna?" in ji Adnan.

"Daga farko. Ba na tsallake komai."

Washegari Alhaji ya aika wa Majalisa takarda ta goma. Ya ce rikodar da aka yi naɗin da ita ba ta da inganci, akwai alamun ta sauya wasu kalmomi, kuma zai tafi hutu har sai ya samo na'urar da za ta fito da ainihin abin da marigayin ya nufa. Ya ce kada a roƙe shi. An mutunta buƙatarsa. Yau kwana sittin da biyu.

Adnan ya juye wa Inna muryar a ɗan katin waya, Maijidda ta sa mata a wata 'yar rediyo mai caji da ba ta fi sabulun wanki ba. Kullum da hantsi Inna kan zauna a tsakar gida, daidai tagar falo, ta ƙure ƙara ta saurara har ƙarshe. Ta fara cin tuwo sosai.

A Majalisa kuwa an daina amfani da ruwan Bature. Yanzu duk wanda ya sayi sabuwar lasifika, daga Kano har Jidda, muryar Malam Ɗantsoho yake sa mata. An yi ittifaƙi cewa lasifikar kirki ita ce wadda ta fito da ƙa ɗin "ƙashi" da kyau.

An tambayi Alhaji Yusha'u ko yana da abin cewa a kan wannan. Sai da aka tambaya sau uku. Ya ce shi bai ji ba.

Wannan karon babu wanda ya musa masa.