Ni da Giyabos ɗin Tsohuwar Motata

Da giyabos ɗin tsohuwar motata ya mutu, na sayo wani, na ce wa Sani bakanike ya huta. Shekara ashirin ina kallon gyara, me ya rage ban sani ba?

Kwana uku ina kwance ƙarƙashinta. Ranar kasuwar Batsari surukina ya shiga gaban mota da buhun gyaɗarsa, rabin garinmu Safana na kallo. Na sa giya, na taka totur. Inji ya yi ruri kamar bijimi, mota ko gezau.

Sani da ke cikin 'yan kallo ya sunkuya, ya zaro faifan kuloci daga ƙarƙashin butar shayina.

"Alhaji, wannan fa? Sai wata shekara za a sa?"

Surukina ya sauka ya hau acaɓa. Har yau in na doso majalisa sai a ce, "Injiniya, yau me ya yi saura?"