Garin Sanya a Falon Bappa

Na sha kunya iri-iri a rayuwata, amma wadda ba zan taɓa mantawa da ita ba ita ce ta ranar da mahaifin Dija ya aiko in je ya gan ni. Har yau in na ji ƙamshin man zafi sai gumi ya karyo min.

Lokacin ina neman aurenta ne. Ni tela ne, shagona yana unguwar Barunde, su kuma suna unguwar Hammadu Kafi. Mahaifinta, wanda kowa ke kira Bappa, Bafulatani ne da ya sayar da shanu ya zauna a gari, amma halin yana nan daram. Ba ya dariya a gaban yara, ba ya ɗaga murya. Dija ba ta ɓoye min ba, ta ce bai amince da ni ba tukuna. Wai samarin gari rawar kai ta yi musu yawa, shi kuwa ba zai ba da 'yarsa ga wanda ba ya iya zama wuri ɗaya ba.

"Don Allah in ka zo ka natsu," in ji ta. "Ka rage surutu. Kuma ka daina kaɗa ƙafar nan."

(Ni ban ma san ina kaɗa ƙafa ba sai ranar. Keken ɗinki ne ya saba min.)

To, ni da son a yaba min, sai na tuna ta taɓa cewa Bappa yana fama da ciwon kai, kuma ba abin da ke yi masa aiki sai sanya, saiwar nan da ake kira uwar magunguna. Ta gidan ta ƙare, ya kuma ƙi sayen ta kasuwa, wai ana cakuɗa ta da wasu itatuwa. Na ce shi ke nan, kowa goro da turare yake kaiwa, ni abin da dattijo yake buƙata zan kai masa.

Na tafi wurin Gwaggo, ƙanwar mahaifina, don ita ta san kan irin waɗannan abubuwa. Ta ce, "Saiwar za ka nema. Ka kankare bayanta da farce, ka kai hanci. In ta gaske ce, kuma ba ta daɗe a ajiye ba, za ka ji ƙamshi kamar na man zafi, har ya ɗan yi maka yaji. In ka ji ta salam kamar itacen girki, ajiye musu kayansu. Shi kuma garin..." Daidai nan wata da nake yi wa ɗinkin biki ta kira ni a waya tana masifa. Na ce, "Na gane, Gwaggo, na gane," na hau mashin na yi gaba.

A kasuwa mai maganin ya fito min da iri biyu. Ga saiwa, duk ta karkace, da ƙasa a jikinta. Ga kuma gari, lukwi, fes a cikin leda. Na hango kaina cikin sabuwar shadda ina shiga gidan surukai da itace a hammata kamar mai tallar makamashi, na ce a ba ni garin. Da na koma shago har 'yar jaka na ɗinka masa da ragowar yadi, na yi mata aiki a baki.

Ranar bayan la'asar aka shigar da ni falo. Bappa yana zaune a kan darduma, ƙanensa Kawu Buba a gefensa. Akwai labule a ƙofar da ta shiga cikin gida, ga fanka mai tsaye a lungu tana juya kai dama da hagu. Aka ajiye min kwanon fura da nono. Na durƙusa na yi gaisuwa, na zauna na danne ƙafar nan da hannu. Ya tambayi iyayena, ya tambayi sana'ata, ina ba da amsa gajera-gajera kaina a ƙasa. Wallahi abin yana tafiya daidai, har na ga Kawu Buba yana gyaɗa kai.

Sai na fito da jakar na tura gabansa. Na ce, "Bappa, ga sanya, na ji ana cewa kuna amfani da ita."

Ya dube ta, bai taɓa ba. Ya ce, "Gari ne? Garin kasuwa ba shi da tabbas. Ka duba shi?"

Da na ce a'a, da an wuce wurin. Amma bakina ya riga hankalina. Na ce, "Ai gane ta ba wuya, Bappa, ƙamshi ake ji." Na kwance ledar, na cusa hanci ciki, na ja numfashi iya ƙarfina kamar mai zaɓen turaren ango.

Ji na yi kamar an zuba min barkono har tsakiyar kai. Atishawar farko ta fito, na ce alhamdulillahi, su biyun suka ce yarhamukallahu. Ta biyu ma suka amsa, haka ta uku. Daga nan suka daina amsawa suna kallona, don abin ya wuce na addu'a. Hulata ta tuma ta faɗa cikin furar. Na kai hannu in ɗauko ta, sai wata atishawar ta sauka kai tsaye cikin ledar da ke hannuna. Gari ya tashi sama, fanka kuma ta juyo kai a daidai lokacin, ta raba wa kowa rabonsa.

Kawu Buba ne ya fara kamawa. Bappa kuwa ya yi ta maza. Ina kallonsa ta cikin hawaye, ido ya yi ja, gemu yana rawa, ya datse baki. Can ta ƙwace masa, 'yar siririya, "tsi", kamar ta kyanwa. Ya sake, ya sake.

Sai muka ji wata daga bayan labule. Wannan atishawar na san mai ita. Wata ta manya ta biyo baya, sannan ƙarar silifa guda huɗu suna gudu zuwa tsakar gida. Ashe Dija da mahaifiyarta tun ɗazu suna laɓe a wurin.

Da rarrafe Kawu ya kashe fankar, muka fito ƙofar gida mu uku muka jeru, kowa hawaye shaɓe-shaɓe yana fyace hanci. Wani maƙwabci da zai wuce ya tsaya ya cire takalmi, ya ce, "Innalillahi, wa aka rasa?"

Ni dai na san aure ya tashi. Raina ya ɓaci ƙwarai, na fara laluben takalmina in sulale. Bappa ya goge ido da hannun riga, ya dube ni ya daɗe, ya ce, "Ta gaske ce." Ya ɗan taɓa goshi. "Kan ma ya saki."

Na ce, "A yi haƙuri, Bappa."

Ya ce, "Na yi niyyar in shiga in tambayi yarinyar ko tana so. Na ga ba sai na wahalar da kaina ba, tunda na ji inda take tsaye. Ka turo manyanka. Amma shi garin, ɗan abin da kan farce ya ɗauka ake shaƙa, ba a shiga cikinsa."

Na koma gida da hula tana ɗigar nono. Da na ba Gwaggo labari sai da ta kwanta a tabarma don dariya, ta ce ai abin da za ta gaya min ke nan na ce na gane.

Yanzu yaranmu sun fara tasawa, amma duk ranar da na je gidan, Kawu Buba na hango ni zai ce a kashe fanka. Dija kuwa har gobe cewa take ba ita ba ce a bayan labulen, wai kyanwa ce. Ni dai tun daga ranar, in babba ya fara min bayani, ko wayata za ta fashe da kira sai ya kai ƙarshe nake tashi.