Ranar Da Na Share Wa 'Yan Fim Falo

Ni mutum ne mai tsari, duk Ƙofar Durbi an sani. Da 'yan fim suka ari falona, sai suka kifar da kujeru, suka watsa tuwo a ƙasa, wai ɓarayi sun shigo. Suka ɗauki rabin wasan, suka tafi sallar Azahar.

Na ce yaran zamani ba tarbiyya. Da farko na share, sannan na goge, sannan na jera kujeru. Na zauna jiran godiya.

Darakta ya shigo, ya dafe kai. "Baba, ina ɓarnarmu? Tun safe muke shirya ta! Yanzu sai mun sake daga farko."

Har yau, in jikoki suka hargitsa gida, matata kan leƙo ta ce, "Malam, a share ne, ko fim ake?"