Tsinin Fiffiken Dakta Aristides

A duk faɗin São José dos Campos, garin da ko mai sayar da lemo kan gane jirgi daga jin ƙuginsa, ba a taɓa haihuwar wanda ya san iska kamar Dakta Aristides Quintanilha ba. Shi ya faɗa da bakinsa, kuma ai babba irinsa ba zai yi ƙarya ba. Digirin daktan dai ba wanda ya taɓa gani, amma kira shi Aristides gatsau ka sha kallo. A bayan idonsa 'yan ofis Angon Iska suke ce masa.

Kamfanin nasu jiragen feshin gona yake ƙerawa. Rabon Dakta a cikin jirgi shi ne tsinin fiffike, ɗan wurin nan da ke lanƙwashewa sama, kuma a kwamfuta yake zana shi. Abin da ke hana shi barci kuwa kujerar shugaban sashen fukafukai ce, wadda ta zama babu kowa tun da tsoho Benedito ya yi ritaya. Kwat ma an riga an ɗinka. Surukarsa har ta sanar da matan coci.

Wata Laraba, ranar da kantin ma'aikata ke dafa faten baƙin wake, injiniya Zuleica, mai harhaɗa sassan jirgin, ta tare shi a bakin teburin aikinsa.

"Dakta, fiffikena ba tsini. Ba ni ko mene ne in toshe wurin, kafin ka gama na gaske."

Ƙanshi ya riga ya hawo bene. A tsaye, ko zama bai yi ba, Dakta ya ja layi, ya lanƙwasa, ya lulluɓe, ya tura mata, ya bi hancinsa. Kafin ya share kwano ya manta.

Daga nan ya duƙufa kan na gaske. A manhajar tasu, in mutum ya buɗe zane ya kulle, ba mai iya taɓawa sai ya saki. Dakta ya kulle nasa kamar amarya. Wata ya bi wata yana shafa shi da linzamin kwamfuta. Ya kunna ratsin nan baƙi da fari da ake duba santsin jikin zane da shi, ya karkata kai, ya lumshe ido, ya matsar da ɗigo ɗaya da kaurin gashi, washegari ya mayar da shi inda yake. Kai, fiffiken nan ya sha gata!

"Dakta, don girman Allah saki zanen nan," in ji Zuleica. "An ba mu ranar gwaji."

"'Yata, iska ba a yi mata gaggawa. Ku kuna zana ƙarfe, ni zance nake yi da ita. Je ki sha kofi."

Ta sha kofin. Da ranar gwaji ta zo, aka sassaƙa ƙaramin jirgi da abin da ke hannu, wato tsinin ranar Laraba, aka kai bututun da ake hura iska a auna. Ba wanda ya damu Dakta da wannan ƙaramar magana.

Bayan sakamako ya fito, Dona Iolanda, mai kamfanin, ta tara kowa. Dakta ya shigo cikin sabuwar kwat, turare na gaba yana baya. A babban allo ga wani tsinin fiffike, gajere, ba ado. Dona Iolanda ta buɗe baki ke nan ya miƙe.

"Ranki ya daɗe, a gafarce ni, idona ba zai iya ba. Wannan fiffike ne ko murfin tukunya? Dubi lanƙwasar, ba ladabi! Wanda ya zana wannan bai taɓa gaisawa da iska ba. Wallahi jaki ne, kuma jakin ma mai jin yunwa. A kamfanin kirki da tuni an raka shi ƙofa."

Wani ya ƙware da kofi.

"To," in ji Dona Iolanda, "murfin tukunyar nan ya rage shan mai fiye da duk abin da muka taɓa gwadawa. Na tara ku ne in ba wanda ya zana shi kujerar Benedito, ban ma tambayi ko wane ne ba tukuna. Sai a taimake ni. Wane ne jakin?"

Zuleica ta dubi silin, ta ce a hankali, "Laraba, Dakta. Faten wake."

Dakta ya dubi allo. Ya sake duba. Gumi ya keto masa ta cikin kwat, ya tuno surukarsa da matan coci. Sannu a hankali hannunsa ya tashi, bai wuce kafaɗa ba.

"Ban ji ba, Dakta," in ji Dona Iolanda. "Na baya ma ba su ji ba."

Ya gyara murya, ya ɗaga haɓa yadda ya saba in zai yi jawabi.

"Ranki ya daɗe, ni ne jakin."